Jawabi: Tsoho da Gurgu Su Ma Fasinjoji Ne

Iyayena maza da mata, sarakunan makafi da na guragu, 'yan'uwana direbobi da 'yan kabu-kabu, na gode da kuka baro harkokinku kuka zo.

Maganata yau guda ce: yaya tsoho, ko gurgu, ko makaho zai tashi daga ƙofar gidansa ya kai asibiti ya dawo lafiya?

Kowa a nan ya san hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa har Jibiya. Kwanan baya na tsaya a wata tasha a kan wannan hanya, na ga gurgu da kekensa tun hantsi. Mota ta cika ta tashi, wata ta cika ta tashi. Da aka yarda za a ɗauke shi, sai aka ce ya biya kuɗin kujera, ya kuma biya kuɗin keke kamar buhun gero. Keken nan fa ƙafarsa ce. Wa ake cajin kuɗin ƙafarsa?

Haka tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau babur, in ma an ɗora ta, rami ɗaya ya isa ya kayar da ita. Sai ta haƙura, ranar ganin likita ta wuce, ƙaramin ciwo ya zama babba. Ga asibitoci a Maradi, ga na Danja da ya daɗe yana kula da kutare, ga na Galmi a hanyar Ƙonni. Amma mene ne amfanin asibiti ga wanda bai da hanyar isa?

Kada wani ya ce babu doka. Tun 1993 Nijar take da dokar kare naƙasassu. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, wadda ta ambaci sufuri ƙarara. A 2019 aka sake yin wata dokar. Takarda ta wadata, aiki ne babu.

Ku ji yadda wasu suka yi. A Amurka, dokar 1990 ta wajabta wa duk garin da ke da motocin bas na hukuma ya tanadi mota ta musamman ga wanda naƙasa ta hana shi hawa bas. Mutum ya kira yau, gobe a zo a ɗauke shi, kuma kuɗin ba zai wuce ninki biyu na kuɗin bas ba. Su ma suna kuka: mota kan makara, tsarin kuma yana cin kuɗi. Darasin da za mu ɗauka shi ne mu fara da abin da ke hannunmu.

Ga abin da za mu yi in kun ba mu amana.

Na ɗaya, kowace ma'aikatar magajin gari ta yi rajistar tsofaffi marasa ƙarfi da naƙasassu, tare da shugabanninsu, a ba su kati kyauta, ba tare da tambayar jam'iyyar kowa ba.

Na biyu, a ware adaidaita da maƙeranmu za su gyara wa matakala da wurin ɗaure keke, da lambar waya guda da za a kira tun jajibirin tafiya.

Na uku, a zauna da sandikar direbobi: kujerar gaba ta mai kati ce, keken gurgu da sandar makaho ba kaya ba ne.

Na huɗu, direba ba zai yi asara ba. Shi ma mai yake saye, iyali yake ciyarwa. Ragin da ya yi, hukuma ce za ta cika masa, a kan lokaci, kuma a karanta lissafin a bainar jama'a.

'Yan'uwa, duk wanda Allah Ya ja kwanansa zai tsufa, kuma haɗarin babur ɗaya kan mai da mai ƙafa gurgu. Kujerar da muke nema wa iyayenmu yau, mu za mu zauna a kanta gobe. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, har da mu, ku tambaye shi: wace mota ka tanadar wa tsohuwata? Ranar zaɓe kuma ku riƙo hannun tsofaffinku ku kawo su rumfa, ƙuri'arsu daidai take da ta kowa.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.