Tun Ran Gini, Ran Zane: Mu Shiga Zaɓen Fid da Gwani Tun Daga Mazaɓa

Dattawa, iyayenmu mata, matasa, da dukan 'yan'uwa da suka taru daga Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, mun san kun bar aikin gona da na gida domin ku saurare mu, saboda haka za mu tafi kai tsaye ga maganar da ta tara mu. Maganar ita ce zaɓen fid da gwani, wato zaɓen da jam'iyya ke yi a cikin gida domin ta tsai da wanda zai yi mata takarar kansila ko shugaban ƙaramar hukuma.

Yawancinmu muna jiran ranar babban zaɓe kafin mu fito. Amma mu duba abin da ya faru a jiharmu. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. A zaɓen ƙananan hukumomi na watan Fabrairu 2025, hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana cewa jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun shugabanni 34 da na kansiloli 361 baki ɗaya. Ba a Katsina kaɗai ake ganin haka ba. A jihohi da yawa, jam'iyyar da ke mulkin jiha ita ke kwashe kujerun, ko wacce ce ita. Ma'anar wannan a fili take: tun ranar da jam'iyya ta tsai da ɗan takara aka gama rabin magana. Wanda ya jira ranar jefa ƙuri'a ya zo kasuwa bayan ta watse.

Wani zai ce, me kansila zai yi mini? Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota, da ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma da hannu a makarantun firamare, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Ajin da iska ta yaye wa kwano, da asibitin sha-ka-tafi da babu magani a cikinsa, da hanyar da ke yankewa da damina, duk a ƙofarta suke. Kuɗi kuma suna zuwa. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na rabon asusun tarayya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma dai an rubuta shi.

Kada mu manta cewa mun taɓa rasa wannan dama. A 2015 gwamnatin jiha ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, ba a kuwa sake zaɓe ba sai a watan Afrilu 2022. A 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka. Kusan shekara bakwai ke nan talaka ba shi da wanda ya zaɓa da hannunsa a sakatariya.

To, yaya ake fid da gwani? Dokar Zaɓe ta 2022 ta ambaci hanyoyi uku, su ne kuma jam'iyyu suka saba bi. Ta farko ita ce ƙato bayan ƙato, inda kowane mai katin jam'iyya yake da ƙuri'a. Ta biyu ita ce ta wakilai, waɗanda muke kira deliget, inda mutane kaɗan ke zaɓe a madadin sauran. Ta uku ita ce maslaha, inda 'yan takara ke janye wa mutum ɗaya. Dokar ta ce maslaha ba ta tabbata sai kowane ɗan takara da aka tantance ya yarda a rubuce. Kowace hanya aka bi, daga mazaɓa take tasowa. Deliget ɗan unguwarmu ne, shugaban jam'iyya na mazaɓa muna haɗuwa da shi a kasuwa da wurin suna. Idan ba su taɓa jin muryarmu ba, ba za su tuna da mu a ɗakin da ake yanke shawara ba.

Ga abubuwa biyar da muke roƙo kowane ƙauye ya yi.

Na ɗaya, mu san cewa kati biyu ne. Katin zaɓe na INEC shi ne na babban zaɓe, kuma duk wanda ya kai shekara 18 yana da ikon yankarsa. Katin jam'iyya shi ke ba mutum baki a zaɓen fid da gwani. Ba za mu ce ku shiga wannan jam'iyya ko waccan ba, wannan ra'ayin kowa ne. Amma wanda ya shiga, ya tabbata sunansa yana cikin rajistar mazaɓarsa.

Na biyu, a naɗa mutum biyu, namiji da mace, su bi gida gida su rubuta waɗanda ba su da kati, musamman amare da suka zo daga wani gari, da samarin da ke tafiya cin rani. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa sun fi kowa sanin gidajen nan.

Na uku, ƙauye ya zauna ya tsai da buƙatu uku, kada su wuce haka. A rubuta su a takarda. Duk mai neman takara da ya zo, a karanta masa a gaban jama'a, a tambaye shi wacce zai fara yi, kuma a wane wata.

Na huɗu, kada mu tafi mu kaɗai. A wannan masarauta ba mu da yawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, hanya ɗaya matanmu ke bi zuwa awo. Mu gai da mai unguwa da dagaci da liman, mu kai buƙatunmu tare. Ɗan siyasa yana iya kau da kai daga gida goma, amma ba ya kau da kai daga mazaɓa guda.

Na biyar, kada mu sayar da layinmu. Taliya da sabulu da atamfa ba sa kai wata guda, wanda muka tsayar kuwa shekaru zai yi a kan kujera. Sayen ƙuri'a da sayar da ita laifi ne a doka. Matasa, kada ku yarda a ba ku ƙwaya da gora ku tare hanya. Ranar da aka yi kame, 'ya'yan mai gidan ba sa cikin motar 'yan sanda.

Ranar zaɓen kuma a fita da wuri, a tafi da tsofaffi a amalanke ko a babur, a tsaya har a ƙirga a faɗi adadi da ƙarfi, wani ya rubuta. In an ga ba daidai ba, a kai ƙorafi a rubuce ga kwamitin jam'iyya, ba da faɗa ba.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon kowane wakili da ya koma gida ya kira zaman ƙauyensa kafin wata ya ƙare, ya kawo mana sunayen mutum biyun da aka naɗa da buƙatu ukun da aka tsayar. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya kai kowa gida lafiya.