Batiri ba Rijiya ba ne: Jawabi a kan Wutar Kamyon Ƙungiya



Ni ba makaniki ba ne, mushen lakwal ne. Amma tunda kun ba ni riƙon littahin kuɗin ƙungiya, dole in faɗi abin da na gani a ciki. Sau biyu cikin shekara guda munka sayi batiri ma tsohon Berliet ɗinmu, kuma duk da haka ya kwana bisa hanyar Madawa da albasa a bayansa. Kun san albasa ba ta jira. Kuɗin nan guminku ne. Shi ya sa na zauna da makanikai, na buɗe littattahai, ga abin da na samo.

Batiri randa ne, ba rijiya ba. Rijiyar ita ce altarnatar, wadda inji ke juyawa da kurwa, abin da 'yan Najeriya ke ce ma fambel. Regilatar kuwa shi ne mai tsaron ruwa: shi ke hana randa ta ƙahe, shi ke hana ta ambaliya. In randa ba ta cika, wa ke sayen sabuwa bai leƙa rijiya ba? Mu munka yi haka.

Kamyonmu na aiki da bolt 24, wato batiri biyu masu bolt 12 a jere. Ga yadda za a bi cutar, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na ɗaya, kurwa. A kashe inji, a danna tsakiyarta da babban yatsa. In ta lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi, ko ta yi santsi, ko tana kuka da sahe, to zamewa take yi. A ɗaure ta ko a sake ta.

Na biyu, kawunan batiri da wayar mas, wadda ke haɗe da jikin mota. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta. A kankare, a ɗaure tam.

Na ukku, jar fitilar gaban direba. In an murɗa makulli sai ta kama, in inji ya tashi sai ta mutu. In ba ta kama ba sam, a duba ƙwanta. A tsoffin motoci da yawa, ta cikinta ne ɗan wutar farko ke bi ta tada altarnatar. Ƙwan fitila guda na iya tsaida kamyon.

Na huɗu, awo. A aza abin awon wuta bisa batiri. Inji a kashe, batiri cike, zai nuna wajen bolt 25. Inji na gudu, sai ya hau wajen 28. In bai hau ba, caji ba ya shiga: a duba sharbo, 'yan gawayin nan biyu da ke gogar abin da ke juyawa a ciki. Ƙurar hanyoyinmu na cinye su, kuma sake su bai kai kuɗin batiri ba ko kusa. In kuwa awo ya wuce 30, regilatar ne ya saki. Alamunsa: ruwan batiri na ƙahewa da sauri, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila na ta ƙonewa.

Na biyar, in batiri ya kwana cike ya wayi gari ba wuta, wani abu na sha da dare. Sau da yawa diyod ne ya lalace a cikin altarnatar, wuta na komawa baya.

Sai abubuwa huɗu da nike roƙo a bari. Kada a cire kan batiri inji na gudu don a gwada caji; wannan dabarar zamanin dinamo ce, altarnatar kashe ta take yi. Kada a juya wayoyi in ana tada mota da batirin aro. Kada a yi walda a jikin mota ba a cire batiri ba. Kuma, yara, ku daina jan wuta daga batiri guda don rediyo da cajin salula: ɗaya zai rame, ɗayan ya ƙoshi hiye da kima, duka biyun su mutu. In ruwa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batiri, ba na rijiya ba, ba asid ba.

Shawarata ga dattawa ita ce: ƙungiya ta sayi abin awon wuta guda, ta aje kurwa da sharbo a cikin mota, kuma kada ma'aji ya hidda kuɗin batiri sai an yi awo gaban mutum biyu, an rubuta a littahi. Ba zargin direba nike ba, yana ƙoƙarinsa. Amma kaka ta gabato, kuma dukiyar jama'a sai da ido.

In na yi kuskure, makanikan da ke cikinmu su gyara mini.