Maganin Ƙiba Da Sojojin Jikinki

 

Yau zancenmu a kan 'yar ƙwayar nan ne da dillaliya ke shigowa da ita har ɗaki, ko a aiki yaro kemis ya sayo, wadda ake kira "sha ka fashe". Sau da yawa abin da ke cikinta dekzametazon ne ko firednisolon. To, ki ajiye tsintsiyar nan ki saurare ni.

A cikin jininki akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Kowane soja yana da shaida a fatarsa, kamar yadda a da ake gane mutumin gari da zanen fuskarsa. Da wannan shaida suke gane juna, da ita suke nuna wa junansu abokin gaba. Wata shaidar kuma kamar ƙugiya take, da ita sojan ke kama bangon jijiya ya fita zuwa wurin da ciwo yake. Masu shaidar da likitoci ke kira CD4 su ne masu ba da umarni, su ne ma cutar ƙanjamau ke kashewa.

Dekza tana dusashe waɗannan shaidu. Sojan ya zo wucewa ta kan ƙurji ya kasa tsayawa, masu umarnin kuma su ragu a jini. Sai kumburi ya sauka, zazzaɓi ya ɓuya, ki ce kin samu lafiya, alhali cuta na cin karenta babu babbaka. Tarin fuka da ya daɗe kwance sai ya farka. Ƙaiƙayin gaba ya ƙi jin magani, miki ya ƙi warkewa, ga ciwon suga da hawan jini. Ƙibar ma fa, ki duba da kyau: kumatu ne da tumbi da tozo a ƙeya, ƙafafu kuwa sai ƙara sirancewa suke.

Kada ki ce na ce maganin banza ne. A 2020 masu bincike a Ingila sun gano dekza na ceton masu korona da numfashi ya gagare su, don a lokacin sojojin ne suka wuce gona da iri, ana so a tausa su. Amma likita ne ke aunawa, na 'yan kwanaki.

In kin haura mako 3 kina sha, don Allah kada ki yanke yau ɗaya. Jikinki ya rage yin irin nasa sinadarin, yankewar na iya sa jiri da amai har da suma. Ki gaya wa maigida, ki ɗauki kwalin ko ƙullin ledar, ku tafi Babban Asibitin Rano a rage miki sannu a hankali. In kuma kina tari ya kai mako 2, ki faɗa musu a gwada majina, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.