KURMA MA ZAI IYA HAƊA GARAYA DA JITA

Wannan jawabi ne da aka karanta wa ɗaliban ajin manya a unguwar Giginyu, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano. An buga shi domin amfanin iyayen da suke da yaro kurma a gida.



A gidaje da yawa, in an ga yaro ba ya ji, sai a ce ai shi ke nan, ba zai koyi komai ba. Wani a bar shi yana zaman banza. Wani a miƙa masa ƙoƙon bara. Wannan kuskure ne babba. Kurma yana da ido, yana da hannu, yana da hankali. Domin a gane haka, za a ɗauki sana'ar da kowa yake zaton ta fi ƙarfinsa, wato haɗa kayan kiɗa masu tsirkiya, irin su garaya da gurmi da molo da jita.

Da farko, mene ne sauti? Sauti girgiza ne. Kowa ya ɗora hannu a maƙogwaronsa ya yi magana, zai ji wurin yana rawa. Ya ɗora hannu a jikin rediyo, nan ma zai ji. Haka abin yake ga garaya. In an taɓa tsirkiya sai ta yi rawa. Rawar ta bi ta kan ɗan iccen nan da ake kira jaki, ta shiga fata. Fata ta girgiza iska, iska ta kai wa kunne. Kunne shi ne zangon ƙarshe. Kafin sauti ya kai can, yatsa yana iya jin sa a jikin fata ko katako.

To, a dubi aikin kansa. Mai haɗa garaya yana zaɓen icce busasshe. Ya sa gizago ya fafe shi. Ya jiƙa fata, ya rufe bakin, ya ja ta ta ɗame. Ya soka sanda, ya ɗaura tsirkiya biyu. Mai gurmi kuwa da ƙoƙon duma yake nasa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi aka yi kuntiginsa. A duk wannan aiki, ina wurin da kurma zai kasa? In fata ta ɗame, yatsa ne yake faɗa. In icce ya tsage, ido ne yake gani.

Ita jita tsirkiyarta shida ce, kuma duk jikinta katako ne. Katakon fuskarta shi ne a madadin fatar garaya. Ana kankare shi har kaurinsa ya koma kamar milimita 2 zuwa 3. In ya yi kauri, murya ba za ta fita ba. In ya cika siriri, tsirkiya za ta lanƙwasa shi.

A ƙasar Sifen an yi wani gwani mai suna Antonio de Torres. An haife shi a 1817, ya rasu a 1892. Har yau masu haɗa jita suna bin fasalin da ya bari. A 1862 ya haɗa wata jita da baya da gefe na kwali, fuskar kaɗai ce ta katako mai kyau, domin ya nuna cewa murya daga fuska take fitowa. Tana nan a ajiye a birnin Basalona. Shi Torres ba kurma ba ne. Amma da aka tambaye shi sirrinsa, sai ya nuna cewa yana kan babban yatsa da manuni. Da su yake lanƙwasa katako ya san ko kankara ta isa.

A Amurka kuma akwai Thomas Edison, wanda ya ƙirƙiro na'urar da ta zama garmaho a 1877. Tun yana yaro jinsa ya yi rauni ƙwarai. In yana son ya ji muryar na'urarsa, sai ya ciji katakon akwatin. Girgizar ta bi ta haƙori da ƙashin kai ta isa cikin kunne. Wannan dabara ba kowane kurma take yi wa aiki ba, amma tana taimakon wasu.

Sai dai a faɗi gaskiya, yatsa bai kai kunne ba. Kunne mai lafiya yana jin abin da yake girgiza har sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Yatsa kuwa iyakarsa wajen sau 1,000. Saboda haka wurin da kurma zai nemi taimako shi ne saita tsirkiya a ƙarshen aiki. Nan ma akwai mafita. Babbar tsirkiyar jita tana rawa sau 82 a daƙiƙa, ƙaramar kuma sau 330. Yanzu akwai 'yar na'ura, har ma a cikin wayar hannu, mai nuna wa ido ko tsirkiya ta saitu, ko a ƙara ɗaurewa, ko a sassauta. In babu ita, sai abokin aiki mai ji ya saurara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saura maganar koyo. Ta yaya maigida zai koya wa yaron da ba ya ji? Da nuni da kuma maganar hannu. Kuramen Kano sun daɗe da harshensu, wanda suke ciniki da hira da shi. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da su ta yi nazarinsa, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Akwai kuma makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki, wadda aka buɗe a 1977. Yaron da ya iya karatu da lissafi zai iya karanta awo a tef, ya rubuta wa mai saye kuɗin kaya. A 2019 ma an sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Don haka ga kira ga iyaye. A kai yaro asibiti a duba kunnen, domin wani ciwon yana da magani. A sa shi makaranta. In an tashi, a kai shi wurin masassaƙi ko kafinta ko baduku. Ba dole sai kayan kiɗa ba. Hannun da ya iya fafe garaya zai iya fafe akushi da turmi.

Su kuma masu sana'a, in an kawo musu yaro kurma kada su kore shi. Su tsaya a gabansa yana ganin fuskarsu da hannunsu. Su nuna masa aiki sau biyu ko uku, sa'an nan su miƙa masa gizago ya gwada.

Allah ya ba da sa'a, amin.