Jaridar wasanni da ta taɓa sayar da kwafi sama da miliyan 2 a fitowa ɗaya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau ƙasar Sin za mu tafi. Na san wani zai ce, Malam, me ya haɗa mu da ƙwallon 'yan Sin, mutanen da sau ɗaya tak suka taɓa zuwa gasar cin kofin duniya? To ai wannan zuwa ɗayan shi ne labarin. Ku biyo ni.

Akwai wata jarida da ake kira Titan Sports, da Sinanci kuma Titan Zhoubao, wato jaridar mako ta fagen wasanni. An kafa ta a 1988 a birnin Changsha na lardin Hunan, ƙarƙashin hukumar wasanni ta lardin. Ku lura fa, Changsha ba Beijin ba ce, ba Shanghai ba ce. A lokacin ma akwai manya a gabanta, musamman jaridar Zuqiu ta birnin Guangzhou, wadda ta riga ta fitowa tun 1980, kuma ƙwallo zalla take bugawa. Titan ƙaramar jarida ce mai 'yan shafuka, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Abin da ya ɗaga ta, a nawa ganin, shi ne ta gane inda hankalin matasa ya koma. A ƙarshen shekarun 1980 gidan talabijin na ƙasa, CCTV, ya fara nuna gasar Italiya. Yaro ya ga Van Basten da Gullit a AC Milan, ya ga Maradona a Napoli, gari ya waye yana neman ƙarin bayani, ga shi babu intanet, babu wayar hannu. Ina zai samu? Sai Titan ta cika shafukanta da ƙwallon Turai: sakamako, sharhi, cinikin 'yan wasa. Kamar dai yadda muke cika gidan kallo ranar Asabar saboda Firimiya, haka su ma suka kamu, sai dai su ta takarda suke kashe ƙishirwar.

Sannan a 1994 aka fara gasar ƙwararru ta cikin gida, wadda ake kira Jia-A. Filaye suka cika, kowane gari da kulob ɗinsa, kowa na son ya karanta labarin nasa. Titan ta dogara da masu sayar da jarida a bakin titi, tana kuma aika shafukanta a buga su a garuruwa da dama lokaci guda, don mai karatu a nesa ya same ta da sassafe. A harkar wasanni, labarin jiya da ya zo jibi ya zama tuwon da ya kwana. Daga fitowa sau ɗaya a mako ta kai sau uku: Litinin, Laraba da Juma'a. Mutumin da ake dangantawa da wannan bunƙasa shi ne babban editanta, Qu Youyuan. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

To yanzu ga inda labarin ya taɓo mu. Kun tuna Bora Milutinovic? Manyanmu dai sun tuna. Shi ne kocin Super Eagles a Faransa 98, lokacin da Sunday Oliseh ya zabga wa Sifaniya ƙwallon nan muka ci 3-2, kafin Denmark ta yi mana 4-1 kowa ya kama kansa. A shekarar 2000 Bora ya karɓi tawagar Sin. Su Milu suke ce masa.

Akwai wata 'yar jarida mai suna Li Xiang, tana aiki da Zuqiu. Ita ce Bora ya fi sakin jiki da ita, duk labarin da wasu ke nema ido rufe, ita a bakinsa take ji. A 2001, ana dab da wasannin ƙarshe na neman gurbi, sai Titan ta ɗauke ta daga hannun abokiyar hamayyarta, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura yuan miliyan 1. 'Yar jarida fa, ba mai buga lamba tara ba! Aka yi ta surutu kamar an sayi ɗan wasa.

Ranar 7 ga Oktoba, 2001, a filin Wulihe na birnin Shenyang, Sin ta ci Oman 1-0, Yu Genwei ne ya jefa ƙwallon. Ƙasa mai mutum sama da biliyan ta samu tikitin kofin duniya karon farko. Fitowar Titan da ta biyo baya ta haura kwafi miliyan 2. Ku tsaya ku auna wannan adadin, fitowa ɗaya.

Amma ni akwai abin da ke damuna a labarin Li Xiang, kuma ya shafi duk wanda ke da shafin wasanni a cikinmu. Idan kusancinka da koci shi ne jarinka, ranar da ya yi kuskure za ka iya faɗa? Idan ka faɗa, ƙofa ta rufe. Idan ka yi shiru, ka ci amanar mai karatu da ya ciro kuɗinsa ya saye ka. Ban ce ta yi ba daidai ba. Na ce dai wanda yake cin tuwon gidanku, da wuya ya ce miyar ba gishiri.

A gasar 2002 kuwa abin bai yi daɗi ba. Kosta Rika ta ci su 2-0, Brazil 4-0, Turkiyya 3-0. Ko ƙwallo ɗaya ba su jefa ba, kuma har yau ba su sake komawa ba. Cikin gida ga badaƙalar sayar da wasa da cin hancin alƙalai. Lu Jun, wanda ya busa a kofin duniyar 2002 ɗin, an ɗaure shi a 2012. Li Tie, wanda ya buga a gasar ya kuma je Everton, daga baya ya zama kocin ƙasa, an yanke masa shekara 20 a 2024. Jaridar kanta ba ta tsira ba: an kama Qu Youyuan a 2009, kuma a 2011 kotu ta ɗaure shi sama da shekara 11 kan laifukan kuɗi. Wanda ya gina gidan kenan.

Sai kuma waya ta zo ta kwashe kasuwar takarda, wannan ba sai na ja ba, kuna gani a hannunku.

Duk da haka Titan ba ta mutu ba. Ta koma intanet da manhajar waya, kuma har yanzu ana jin muryarta. A 2013 ta ƙirƙiro kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Asiya, wadda 'yan jarida daga ƙasashe daban-daban ke zaɓa, irin tsarin Ballon d'Or. Keisuke Honda na Japan ne ya fara ɗauka, daga nan Son Heung-min ya mayar da ita kamar gadon gidansu. Abin dariyar, jaridar ta Sin ce, amma 'yan Koriya da Japan ne suka fi kwashe kyautar.

Wanda ya bi labarin Mikel Obi a Tianjin ko Ighalo a Changchun, ya faɗa mana a ƙasa ta ina yake samun labarinsu a wancan lokacin. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.