Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Yau za mu ba ku labarin wata doka ta Ingila, mu ga yadda mutanen unguwa ke sa hukuma ta saurare su.

A shekarar 2011 majalisar dokoki ta Birtaniya ta yi doka wadda ta ba mutanen gari ko unguwa ikon rubuta tsarin wurinsu da kansu: inda za a gina gidaje, inda kantuna za su zauna, da filin da za a bar wa jama'a. In akwai majalisar ƙauye, ita ke jan gaba. In babu, sai mutum 21 ko fiye su kafa ƙungiya, hukumar gunduma ta amince da su.

To, ga inda aikin yake. Kafin su miƙa takarda, tilas su baza ta ga jama'a har mako 6, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ranar miƙawa sai su haɗa da taswirar unguwa, da bayanin waɗanda aka shawarta, da abin da suka ce, da yadda aka yi da maganarsu. Hukuma ta sake shelanta ta mako 6, sa'an nan a kai wa mai bincike wanda ba ɗan unguwar ba ne, ba kuma ma'aikacin hukumar ba. Daga nan sai ƙuri'a. In fiye da rabin waɗanda suka jefa sun yarda, to, hukuma da wannan tsari za ta riƙa aunawa duk sa'ad da wani ya nemi izinin gini. Mutanen Upper Eden, a arewacin Ingila, su ne suka fara cin irin wannan ƙuri'a, cikin Maris 2013.

Akwai riba kuma. Inda ake karɓar harajin masu sabon gini, unguwa mai tsari tana samun kashi 25 cikin ɗari maimakon 15.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ba su da ikon saɓa wa babban tsarin gunduma, ko su rage gidajen da aka ƙayyade musu.

Jama'a, ƙarfin mutanen nan yana cikin rubutu da ƙidaya. Saboda haka duk taron da muka yi a kan rumfa ko lambatu, mu rubuta wanda ya zo da abin da ya faɗa, mu sa hannu, mu kai wa hukuma da kanmu, mu ajiye kofe. Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.