WAYA A ALJIHU, GIDA BABU ZAURE: JAWABIN WANI DATTIJO GA MATAFIYA A KEFFI

Wannan shi ne jawabin da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya yi a garin Keffi ta Jihar Nasarawa, wajen taron da reshen jam'iyya ya kira domin direbobi da 'yan kamasho da 'yan kasuwa da 'yan ci-ranin da suka zo gida hutun Salla. An buga shi nan saboda 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Aba da Fatakwal, tun da yake yawancin maganar tasu ce.

Bayan ya yi sallama ya gai da shugabanni, sai dattijon ya roƙi kowa ya ɗaga wayarsa sama. Hannuwa suka tashi, waɗansu har da waya bibbiyu. Ya ce to madalla, abin da ya zo magana a kansa ke nan, watau yadda wannan ɗan abu ya bi mutum har cikin mota, ya hana a ce wane ya yi nisa.

DAGA AYARI ZUWA TANGARAHU

Dattijon ya fara da tuna wa jama'a cewa Keffi garin hanya ne tun asalinsa. Abdu Zanga ya kafa shi wajen shekara ta 1800, ya zauna ƙarƙashin Zazzau, kuma ta nan ayarin fatake daga Kano da Zariya kan bi su gangara Loko a bakin Binuwai. A wancan zamani in falke ya yi ban kwana da iyalinsa ya bi madugu, to, sai wata da watanni, ba a jin ɗuriyarsa sai in wani ayari ya komo da labari.

Ya ce da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai tafiya Kurmi ta yi sauƙi, 'yan Arewa suka yawaita a can da cinikin shanu da goro, har aka yanka musu unguwar Sabo a Badun a 1916. Amma jin labarin gida bai yi sauƙi ba. Shi kansa, lokacin da yake aiki a gidan waya a Kudu, ya sha ganin mutum ya zauna gaban mai rubuta wasiƙa yana faɗa ana rubutawa, sa'an nan ya yi mako uku yana zuwa tambayar amsa. Tangarahu kuwa kowace kalma da kuɗinta, saboda haka ba a buga shi sai ta ɓaci. Ya ce da hannunsa ya miƙa wa wani magidanci takardar rasuwar mahaifiyarsa bayan an riga an yi sadakar bakwai, kuma har gobe bai manta da fuskar mutumin nan ba. Saboda haka kada kowa ya zaci ya zo yabon zamanin da ne.

ZUWAN WAYAR HANNU

Ya ci gaba da cewa kafin shekara ta 2001, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na shekarar, zamanin mulkin Shugaba Obasanjo, aka yi gwanjon lasisin wayar hannu, kuma a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka soma aiki. A lokacin layi kaɗai yakan kai Naira dubu 20, minti guda kuwa Naira 50 ne ko da kalma biyu mutum ya faɗa, sai da Glo ya shigo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. A 2025 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Daga magana aka koma intanet, daga ofis kuma intanet ta shiga mota. Ya ce mazauna Ikko sun fi shi sani: motocin BRT sun fara aiki a 2008, kuma da gwamnatin jihar ta zuba sababbin manyan motoci a 'yan shekarun baya, an yi shelar cewa akwai wurin cajin waya da intanet marar waya kyauta, wadda ake kira waifai. A London ma tun 2012 aka sa ta a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Motocin da ke lodi a Keffi yawancinsu ba su da wannan, amma kusan kowane fasinja da tasa intanet a aljihu, ya saya da kuɗinsa. Duk wanda ya shiga mota da asuba daga Keffi zuwa Abuja, tafiyar da ba ta wuce kilomita 60 ba, ya ga yadda in aka shiga cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya kowa kan sunkuyar da kai kan wayarsa, mutum goma sha takwas a mota ba mai ce wa ɗan'uwansa sannu.

ALHERIN DA BA A MUSU

Dattijon ya ce butulci ne a ƙi faɗin alherin abin. Mai kayan gwari da ya ɗoro tumatir da albasa zuwa kasuwar Mile 12 yana jin farashi tun yana Lakwaja. Wanda ya bi ta Akwanga da Lafiya da Makurɗi zuwa Inugu, iyalinsa suna sane da inda ya kwana. In mota ta lalace cikin daji ana kiran makaniki, in haɗari ya auku ana kiran agaji, in aka ji hanya ba lafiya direbobi kan gaya wa juna a dakata.

Ya ce wanda yake shakka ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. 'Yan ci-rani a Kurmi suka yi makonni ba su ji muryar 'ya'yansu ba, mutane suka dinga shiga mota zuwa wata jiha don buga waya guda, wasiƙa ta hannun direba ta dawo. A nan aka san darajar abin.

MASU SHIGOWA BA SALLAMA

Daga nan sai ya juyo kan abin da ya ce shi ne ainihin jawabinsa. Ya ce Bahaushe bai taɓa gina gida babu zaure ba. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, a aiki yaro ya shiga, maigida ya fito in yana da hali, in ba shi da hali a ce a dawo an jima, kuma ba wanda ke jin haushi. Wayar hannu kuwa gida ce da aka gina ba zaure, kowa ya ga dama sai ya faɗo har ƙuryar ɗaki. Ya lissafa mutum uku da ke shigowa ta wannan ƙofa.

Na farko shi ne ubangidan aiki. Ya ce a da, maigadi ko direba ko ɗan dako in ya tashi aiki ya shiga mota, to, ya zama mai kansa har gobe. A cikin motar nan yake gyangyaɗi, yake jan carbi, yake lissafin abin da zai aika gida. Yanzu tun bai kai tashar farko ba waya ta yi ƙara: dawo ka buɗe ƙofa, biya kasuwa ka sayo kaza. In bai ɗauka ba, gobe a ce ai an ga alamar ya karanta saƙo. Aikin awa goma ya koma na dare da rana, albashi kuwa yana nan inda yake.

Na biyu su ne dangi, ya ce kuma a yi masa gafara, don ya san maganar da nauyi. A da ɗan ci-rani yakan tara abin da ya samu ya komo da shi dunƙule gab da damina, a sayi taki, a gyara rufi, a yi auren ƙanwa. Yau kuwa kullum da saƙon da zai shigo: suna, biki, kuɗin magani, kuɗin kati. Ga banki a cikin wayar, ba halin ya ce sai na sami mai zuwa gida. Dubu biyu yau, dubu uku gobe, shekara ta ƙare mutum ya dawo da jaka wayam, a ce ya lalace a bariki. Ya ce taimakon dangi wajibi ne, amma wanda ke gida ya sani ɗan'uwan nan nasa da yake kira, wataƙila a rumfar kasuwa ya kwana.

Na uku shi ne ɓarawo. Ya ce ya taɓa shiga mota da wani ɗan kasuwa da ya ɗaga murya yana gaya wa yaronsa nawa ya sayar da shanu, nawa ke jikinsa, da inda zai sauka, alhali bai san ko mutum guda a motar ba. Baki shi ke yanka wuya. Ya kuma ja kunne game da 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, waɗanda suka addabi Abuja da kewayenta da Ikko: a da abin aljihu suke ƙwacewa, yanzu sai su tilasta wa mutum ya buɗe wayarsa su kwashe abin da ke banki. Intanet ta kyauta ma, in ji shi, rijiya ce a bakin hanya, kowa na jefa guga. Mugu yana iya buɗe tasa ya sa mata suna irin na kamfanin mota, wanda ya shiga ya rubuta lambar sirrinsa ya miƙa mabuɗin rumbunsa ke nan.

ADDINI DA DOKA

Dattijon ya ce wannan ladabi da yake kira a koma gare shi ba baƙo ba ne. A cikin Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da izini, an kuma ce in aka nemi mutum ya koma, to, ya koma. A surar dai an ware lokaci uku na keɓewa, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin ƙailula, da bayan sallar lisha, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini. Malamai sun karantar cewa sallama sau uku ce, in ba a amsa ba a juya. Ya tambaya, to ina hujjar mai kiran ɗan'uwansa sau goma sha biyu a jere, sa'an nan ya yi fushi?

Game da doka, ya ce ƙasar Faransa ta fara aiki da wata doka ranar 1 ga Janairu, 2017, wadda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da ma'aikatansu a tsara lokacin da ba za a neme su da saƙon aiki ba. Ostireliya ta bi sahu a 2024, ta bai wa ma'aikaci ikon ƙin amsa kira bayan tashi in babu dalili mai ƙarfi. Ya roƙi wakilan jam'iyya a majalisu da ƙungiyoyin ƙwadago su ɗauki wannan magana, kuma kada ta tsaya kan masu ofis, ta haɗa da maigadi da direban gida da 'yar aiki. Ya ƙara da cewa tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, haƙƙin talaka ne ya sami sabis a dazuzzukan da ke kan manyan hanyoyi, domin a can ne matafiyi ya fi bukatarsa.

GARGAƊI GA MATAFIYA

Kafin ya zauna, ya bar wa jama'a waɗannan shawarwari. Duk mai tafiya ya zaɓi mutum guda amintacce, ya aika masa da lambar mota da sunan tashar da ya hau, ya riƙa sanar da shi in an kai manyan garuruwa. Sauran jama'a su jira sai ya sauka. A hau mota a tasha, a daina tsayar da ta bakin hanya don ragin Naira ɗari biyu. Kada a yi zancen kuɗi a waya cikin mota, kada a buɗe banki a kan intanet ta kyauta, kada a faɗa wa kowa lambar sirri ko lambar da banki ke aikowa, ko da ya rantse daga banki yake. Mai hali ya raba ajiyarsa da wayar da yake yawo da ita.

Ga mazauna Kurmi, ya ce kowa ya yanka wa iyalinsa lokacin gaisuwa sananne, ya sa ranar aike a wata, ya kuma gaya wa ubangidansa cikin ladabi tun ranar ɗaukar aiki lokacin da yake kashe waya. Ga na gida, ya ce in an kira ba a ɗauka ba, a kyautata zato.

Direbobi kuwa ya fuskance su kai tsaye ya ce, “'Ya'yana, rayukan mutane amana ce a hannunku. Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa tun 1988 ta hana waya a kan sitiyari, amma ba don tsoron tara nake roƙonku ba. Ku ba yaron mota ya amsa, ko ku faka.” Fasinjoji ma ya ce su daina kunyar yi wa direba magana in sun ga ya ɗauki waya.

Daga ƙarshe ya roƙi matasa, in sun shiga mota gobe, su gai da na kusa da su kafin su ciro waya, domin in ta ɓaci a hanya shi ne zai fara kai hannu, kuma zumunci a ƙafa yake. Ya yi addu'a Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka. Shugaban taro ya yi godiya a madadin jama'a, aka shafa fatiha, taro ya tashi.